Na Je Neman Tarihin Zangonmu A Ɗakin Karatu Na Ƙasa: Ga Yadda Ake Shiga Da Abin Da Ake Samu

Maganar ta faro ne daga aikin gida da aka ba ɗana na biyu, wanda ke babbar sakandare a nan Agege. An ce kowa ya rubuto shafi biyu a kan garinsu. Yaro ya zauna ya rubuta Agege: tashar jirgi, kasuwa, burodin da garin ya yi suna da shi, masallacin unguwarmu, da maƙabartar da aka rufe kakansa. Washegari sai ga shi ya dawo da takardar a hannu, fuska ba walwala. Malamin ya ja mata layi da jan biro, ya ce ba wannan aka tambaya ba, ya je ya rubuto Kano ko Sakkwato, wai inda muka fito.

"Baba, ni me zan rubuta a kan Kano? Sau ɗaya na taɓa zuwa, bikin Anti, kuma kwana huɗu muka yi."

Na yi shiru. A Agege aka haife shi, a Agege aka haife ni, mahaifina ma nan aka yanke masa cibiya. Kakana ne ya zo da fataucin goro. Amma da yaron ya ce in gaya masa shekarar da Kaka ya zo, da wanda ya sauke shi, da yadda aka yi Hausawa suka samu wurin zama a nan, sai na ga ba ni da komai a hannu ban da "an ce". Na tafi wurin Kawu, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'yan'uwan mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wa ke ƙirga shekara a lokacin? Abin da na sani, jirgi kwal yake ci, kuma da anini ake cefane."

Wannan ne ya kai ni Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Yaba, daga nan kuma na zarce gidan adana takardun tarihi da ke Ibadan. Na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwa mazauna Kurmi yadda abin yake, domin da yawa daga cikinmu muna wucewa ta ƙofar waɗannan wurare kullum, muna ɗauka na farfesoshi ne kawai.

Gida biyu ne, kada a haɗa su

Kuskuren da na fara yi shi ne ɗaukar cewa duk abu ɗaya ne. Ashe kowane da aikinsa.

Ɗakin Karatu na Ƙasa wurin ajiye abin da aka buga ne: littattafai, jaridu, mujallu, rahotannin gwamnati, dokoki da gazet. An kafa shi da dokar 1964, a Legas ya fara aiki, sannan aka sake masa doka a 1970. A cikin wannan doka ta 1970 akwai wani sharaɗi da ya sa ya bambanta da sauran laburare: duk wanda ya buga littafi a Nijeriya, wajibi ne ya kai masa kwafi uku. In gwamnatin jiha ce ta buga, kwafi 10 ne, in ta tarayya ce, 25. Manufar ita ce ko littafi ya ɓace a kasuwa, a samu inda ƙasa ta ajiye shi. Hedikwatarsa yanzu tana Abuja, inda aka ba da kwangilar gina masa mazauni na dindindin tun 2006, aikin da ya daɗe ana jiran kammaluwarsa. Yana da rassa a jihohi da dama, har da na Kudu, saboda haka ba sai ka je Abuja ba.

Shi kuwa gidan adana takardun tarihi, wanda ake kira National Archives, abin da ba a buga ba yake ajiyewa: fayilolin ofis, wasiƙun da Di'o ya rubuta wa Razdan, takardun koke, lissafin haraji, taswira, da rahoton shekara na lardi. An kafa shi a 1954, kuma masanin tarihin nan Kenneth Dike, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, shi ne ya tsaya a kan kafuwarsa. Manyan ofisoshinsa uku ne, sun bi tsarin jihohi uku na wancan zamani: Ibadan, Inugu da Kaduna. Wanda ke Legas, Shagamu, Abekuta ko Sabon Ibadan, nasa yana Ibadan. Wanda ke Anacha, Aba, Owerri ko Fatakwal, ya nufi Inugu. In kuma asalin garin kakanni kake bi, to sai Kaduna.

A taƙaice, ka fara da ɗakin karatu ka ga abin da wasu suka riga suka rubuta, sannan ka je gidan takardu ka ga abin da suka dogara da shi. Wanda ya fara da fayil bai karanta littafi ba, zai sha wahala a banza.

Ranar da na je Yaba

Reshen Legas yana Yaba, a kan titin Herbert Macaulay. Daga Agege na hau jirgin jiha na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, na sauka tashar Yaba. Wanda ya fi son danfo, ya bi ta Oshodi. Ofishin gwamnati ne, saboda haka ranakun aiki ake zuwa. Ni da kaina na taɓa ɓata kuɗin mota na je ranar hutun gwamnati, na tarar da ƙofa a rufe. Laifina ne, ban duba kalanda ba.

Abin da za ka riƙe ba shi da yawa. Katin shaida, na ƙasa ko na makaranta ko na wurin aiki. Littafin rubutu mai kauri da fensir, ban da biro. Ɗan kuɗi a aljihu saboda rajista ko fotokwafi. Waya cike da caji. Ka ci abinci tun daga gida, domin ba a shiga zauren karatu da abinci ko abin sha. Jaka kuma a bakin ƙofa ake ajiyewa, don haka kada ka zo da kuɗin ciniki a ciki. In ka saba da goro a baki kamar ni, ka haƙura sai ka fito.

Za ka rubuta sunanka a littafin baƙi, a tambaye ka abin da ya kawo ka. A nan ne mutanenmu da yawa ke jin nauyi, musamman wanda bokonsa bai yi zurfi ba. Ni ma da na shiga na ga ɗalibai kowa da kwamfutarsa, sai na ji kamar na shigo gidan biki ba gayyata. Na gaishe da wata ma'aikaciya, dattijuwa, da Yarabanci. Ta ɗago ta dube ni, ta ga hula da doguwar riga, ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, me za mu nemo maka?" Daga nan tsoro ya tafi. Wurin nan da kuɗin ƙasa aka gina shi, da harajin da ake karɓa a Mile 12 da mayankar Oko-Oba. Ba alfarma aka yi maka ba da aka bar ka ka shiga.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun da wuri: ba a ba da aron littafi a tafi da shi gida. A nan za ka karanta, a nan za ka bar shi. Saboda haka ka ware yini guda, ba wai ka leƙa na minti talatin tsakanin Azahar da La'asar ba. Kuma in ka gama da littafi, ka bar shi a kan tebur, ma'aikata ne ke mayarwa. Littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba, kamar ya ɓace ne, ko da yana cikin ginin.

Iya tambaya shi ne rabin aikin

Da ta tambaye ni abin da nake nema, sai na ce, "Tarihin Hausawa." Ta ce, "Alhaji, wannan ai sai ka shekara a nan. Hausawan ina? Na wane zamani? Suna wace sana'a?" Na koma gefe na sake tunani, na rubuta a takarda: Hausawan Agege, cinikin goro, daga zuwan jirgin ƙasa zuwa samun 'yancin kai a 1960. Da na miƙa mata wannan, nan da nan ta san inda za ta tura ni.

Shawarata ke nan ga kowa. Kafin ka baro gida, ka matse tambayarka ta zama jimla ɗaya mai wuri, da lokaci, da batu.

Sai kuma maganar suna. Wannan ya ci mini kwana biyu kafin wani ɗalibin digiri na biyu da ke zaune kusa da ni ya ganar da ni. Turawa da akawunansu ba yadda muke rubuta sunayenmu suke rubutawa ba. A tsofaffin takardu za ka ga Hausa an rubuta Houssa ko Haussa. Sarki ya koma Seriki, yadda Yarabawa ke faɗa. Wani wurin ma ba za ka ga kalmar Hausa ba sam, sai Gambari, sunan da Yarabawa ke kiranmu da shi. Wani lokaci kuma an cusa mu a ƙarƙashin kalmar strangers, wato baƙi, tare da Nufawa da Barebari da duk wanda ba ɗan gari ba. In ka nemi Hausa kaɗai, rabin abin zai wuce ka. Ka nemi kola, ka nemi cattle, ka nemi Sabo, ka nemi Zango da Zongo, ka nemi sunan kasuwa da na tashar jirgi. Ta sana'armu aka fi rubuta mu.

Tsofaffin jaridu ma taska ce. Daily Times ta fara fita a 1926, West African Pilot ta Azikiwe a 1937, Nigerian Tribune ta Awolowo a 1949 a Ibadan, ita kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 daga Zariya. Amma jarida ba ta da jerin batutuwa a bayanta kamar littafi. In ba ka san shekara da wata ba, shafi-shafi za ka bi har idonka ya yi ja. Shi ya sa ya kamata ka samo ƙiyasin lokaci daga dattawa. In Kawu ya ce abu ya faru shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, ka san 1956 ce. In ya ce lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, 1973 ke nan. In ya ce shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, 1972. Da haka "an ce" ke zama shekara.

Takardar jarida ta tsufa, tana karyewa kamar busasshen ganye. Ka juya ta a hankali da tafin hannu, kada ka lashi yatsa, kada ka ɗora littafinka a kanta kana rubutu. Kuma kafin ka ɗauki hoto da waya, ka nemi izini, domin kowane sashe da ƙa'idarsa.

Littattafai uku da suka buɗe mini ido

Ɗalibin nan ne ya rubuta mini sunayensu a bayan takarda, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne na Mahdi Adamu, The Hausa Factor in West African History, wanda ya fito a 1978. Ya bi sawun Hausawa fatake, malamai, masu sana'a da sojoji a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa fitar Bahaushe ƙasar Yarabawa da Gwanja ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba.

Na biyu na Paul Lovejoy ne, Caravans of Kola, na 1980. Shi ya yi bayanin ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, da rawar da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka taka. A nan na gane cewa kafin jirgi, goro da jaki da ƙafa ake ɗauko shi, tafiyar watanni.

Na uku kuwa, wanda ya fi taɓa ni, na Abner Cohen ne, Custom and Politics in Urban Africa, na 1969. Wannan mutum zama ya yi a Sabon Ibadan a 1962 da 1963. Ya rubuta cewa a 1916 aka kafa Sabo. Ya bayyana yadda shanu ke gangarowa Kudu, goro na hawa Arewa, da yadda maigida ke sauke baƙo, ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an karɓi kaya bashi. Ya kuma yi bayanin yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a unguwar a farkon shekarun 1950. Ina karantawa ina ganin gidanmu, domin haka na taso na ga zaurenmu cike da baƙi da huhunan goro.

Daga waɗannan karatu na haɗa zaren da nake nema. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Agege tana kan layin, kuma a kewayenta manoma suka dasa goro irin wanda Arewa ke so. Jirgi ya mayar da tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Wanda ke da ido a kasuwa ya san inda zai sauka ya kafa zango. A cikin Legas kuwa, tun 1863 Baturen nan Glover ya kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makami, wadda ake lissafawa cikin tushen sojan Nijeriya. Ashe zamanmu a wannan gari ya girmi Nijeriya kanta, tunda sai 1914 aka haɗe Kudu da Arewa.

Ibadan: inda fayil ke magana

Bayan mako uku na hau jirgin Legas zuwa Ibadan daga tashar Agege, na sauka Moniya, na shiga mota ta Ojoo zuwa ƙofar jami'a. Gidan takardun yana cikin harabar Jami'ar Ibadan. Na kwana Sabo wurin wani abokin cinikin mahaifina, domin aikin ba na yini ɗaya ba ne.

A nan tsarin ya fi na Yaba tsauri, kuma da dalili: abin da ke hannunka sau da yawa shi kaɗai ne a duniya. Ka tafi da takardar gabatarwa, daga makaranta in ɗalibi ne kai, ko daga ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawan garinku in kana yi wa al'umma ne. Za ka yi rajista a matsayin mai bincike. Ba kai ke shiga inda fayilolin suke ba. Akwai littattafan jeri da ke ɗauke da lamba da kan maganar kowane fayil. Ka duba, ka kwafi lambar daidai a 'yar takarda, ka miƙa, a ɗauko maka. In ka kuskure harafi ɗaya, wani fayil daban za a kawo, ko a ce babu.

An jera takardun ne bisa ofishin da ya tara su, ba bisa batu ba. Wannan shi ne sirrin wurin. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a zamanin Turawa, wane ofis ne ke kula da garinmu? CSO na ofishin Babban Sakataren Gwamnati ne. Comcol na Kwamishinan yankin Legas ne, kuma Agege tana ƙarƙashinsa ta gundumar Ikeja. Oyo Prof na Lardin Oyo ne, wanda Ibadan ta daɗe a cikinsa. Abe Prof na Abekuta, Ije Prof na Ijebu, wanda ya shafi 'yan'uwanmu na Shagamu. A Inugu za ka ji Onprof na Lardin Anacha da Rivprof na yankin Fatakwal. A Kaduna kuwa akwai SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa, da Kanoprof da Sokprof.

Da aka ajiye mini fayil na farko na kwance zaren, warin tsohuwar takarda ya bugi hancina. Wasiƙu ne na tafireta, da rubutun hannu a gefe, wannan jami'i na tura wa wancan. Abin da ya tsayar da ni shi ne takardun koke. Marubucin wasiƙa ya tsara musu Turanci, su kuma mutanen sun dangwala yatsa a ƙasa, wani ya sa hannu da ajami. Na daɗe ina kallon waɗannan yatsu. Mutane ne irin Kakana, ba su yi boko ba, amma sun san cewa magana in ba ta shiga takarda ba, iska ce.

Duk abin da ka kwafa, ka rubuta lambar fayil, da kan maganarsa, da kwanan wata, da shafi. Haka ma littafi: sunan marubuci, shekara, shafi. Ranar farko ban yi haka ba, na cika shafi shida da bayanai masu daɗi, da na koma masauki na rasa wanne ya fito daga ina. Sai da na sake bin su washegari.

Kuma ka karanta da hankalinka a jikinka. Baturen da ya rubuta rahoto haraji da zaman lafiyar mulkinsa ne a gabansa, kuma ta bakin tafinta yake jin magana. Mai koke shi ma nasa ɓangaren ya faɗa. Fayil shaida ne guda ɗaya, ba alƙali ba. Sai ka gwada shi da abin da dattawa suka ce, da abin da jarida ta buga.

Abin da na samu, da wanda ban samu ba

Ban samu sunan Kakana ba. In faɗi gaskiya abin ya ɗan sosa mini rai, domin na tafi da burin in gan shi a rubuce. Amma talaka mai huhun goro ba ya shiga fayil sai in ya yi ƙara, ko an yi ƙararsa, ko ya riƙe sarauta. Wataƙila rashin sunan nasa alama ce ta cewa lafiya ya zauna da mutane.

Abin da na samu shi ne duniyar da ya rayu a ciki: dalilin da ya sa Agege ce ba wani gari ba, hanyar da ya biyo, irin gidan da ya sauka, da yadda ake ciniki. Na kuma ga abin da bai kamata mu manta ba. Zangunanmu ba da ƙarfi aka kafa su ba. Masu gari ne suka ba da wuri, manoma Yarabawa suka noma goron, mahautansu suka sayi shanun, aka yi bashi da amana tsakanin mutanen da harshensu ba ɗaya ba. An yi saɓani, fayilolin ma sun nuna, amma an fi yin ciniki. Wanda ya je neman tarihi don ya samu sandar dukan maƙwabci, bai karanta da kyau ba. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, mun san abin da wuta ke ci in ta tashi, kuma ba ta tambayar ƙabilar mai rumfa.

Gargaɗi ɗaya: tsohon fayil ba takardar mallakar fili ba ce. Harkar ƙasa tana ƙarƙashin dokar 1978 ne, kuma gwamnan jiha ke ba da shaidar mallaka. In rigimar fili ce ta kai ka, abin da ka samo ka kai wa lauya ya duba, kada ka shiga kotu da fotokwafi kana bugun ƙirji. Amma kundin tsarin mulki na 1999 yana nan a ɗakin karatu, kowa na iya buɗewa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya, na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Gara yaranmu su karanta wannan da idonsu.

Ba masu tarihi kaɗai ba

Yawancin waɗanda na tarar a Yaba ba tarihi ya kawo su ba. Ɗalibai ne masu shirin WAEC da JAMB, da masu jarrabawar aikin akanta, da masu rubuta kundin kammala digiri. Abin da suka zo nema shi ne tebur da kujera da shiru. Mu da ke zaune a gidajen haya, ɗaki ɗaya mutum shida, janareton maƙwabci na ruri, talabijin na kunne, mun san darajar wannan. Na ƙirga a raina, cikin duk zauren ban ga yaro ɗaya da zan ce namu ne ba. Ga 'ya'yanmu mata musamman, waɗanda ba a bari su je karatun dare gidan ƙawaye, wannan wuri ne na mutunci da rana tsaka, yayansu na iya raka su.

Marubutanmu ma abin ya shafe su. Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da lambar ISBN ta littafi da ISSN ta mujalla. Malaminmu da ya wallafa littafin addini, ko 'yar'uwar da ta rubuta labari ta buga a Mushin ko Shomolu, su nemi lambar, su kai kwafi ukun nan. In ba haka ba, nan da shekara 50 wani jikanmu zai zo nema, ya tarar ba mu bar komai ba.

Akwai kuma akwatin da ke ƙarƙashin gadon kowane dattijo. Bayan na dawo, Kawu ya sa aka jawo nasa. Rasiɗan haraji, takardar jirgi ta ɗaukar kaya, wasiƙun ajami daga Kano, da wani littafin bashi da sunayen Yarabawa da Hausawa a jere. Abin da na je nema har Ibadan, wani yankinsa yana ɗakin da nake gaisuwa kowace Juma'a. Na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, na sa su a bushasshen wuri nesa da ƙasa, domin damina da gara da gobara ba sa jira. Na kuma kunna waya na ɗauki muryarsa har kusan awa biyu. Duk mai dattijo a gida, ya yi wannan a makon nan, kada ya ce sai bayan Sallah.

Shi kuwa yaron, tare muka koma Yaba ranar da ba su da darasi. Ya sake rubuta aikinsa, Agege dai ya rubuta, amma wannan karon da 1901 da 1911, da sunan littafi da shafi a ƙasa. Malamin ya karɓa, ya karanta, ya tambaye shi inda ya samo. Yanzu kwamitin masallacinmu ya ce in zo in yi wa matasa bayani, mu ga ko za a samu mutum biyar da za su raba aikin: wani ya ɗauki jaridu, wani fayiloli, wani ya zauna da dattawa. In kuna da irin wannan niyya a Sabo, ko Shagamu, ko Ama Hausa, ko Bogobiri ta Kalaba, ku fara da reshen da ya fi kusa da ku. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.